Mai Jiran Gauraka

A wani ƙauye na bakin fadama akwai wani manomi mai gonar alkama. Gonar ba ta da girma, amma ita ce za ta riƙe gidansa daga ƙarshen sanyi har sabon hatsi ya shigo, gama damina ba ta yi masa kirki ba a shekarar.

Mutumin nan ya san tsuntsaye, ya kuma san cewa ya sani. In sanyi ya fara ja da baya, baƙin agwagin ruwa suka taru a tafki kafin su koma inda suka fito, sai ya zauna ya yi ta kallo. Da yamma ya zo dandali da labari: yau dinya ta sauka, jiya zalɓe ya haɗiye kifin da ya fi ƙarfin wuyansa, kirinjijiya kuwa ta cika tafki. Shi ya naɗa kansa Sarkin Tsuntsaye, ba wanda ya ba shi rawani. In aka yi dariya sai ya ɓata rai ya ce, "Ni dai an haife ni a garin da ba a san darajar mutum ba."

Wata rana maƙwabcinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, duk sarautar nan, ina gauraka? Tun muna yara rabonmu da ita."

Ya ce, "Za ta sauka a tafkin da ke bayan gonata kafin zafi ya shigo. Ni da kaina zan kira ku."

A kwanakin nan ne alkama ta fitar da kai, ƙananan tsuntsayen nan jan baki suka fara leƙowa. Kowa ya yi abin da aka saba: a ja igiya daga wannan gefen gona zuwa wancan, a rataye gwangwanaye da tsakuwa a ciki, mai gona ya hau rumfa, in tsuntsaye sun sauka ya girgiza igiya, ƙara ta kore su. Shi ma ya ja tasa. Amma da ya girgiza, sai ya ga ba jan baki kaɗai suka tashi ba, har agwagin tafki sun watse. Ya ce a ransa, gauraka tsuntsuwa ce mai jan aji kamar ni, ba za ta sauka cikin hayaniya ba.

To, matarsa takan kawo masa abinci da rana, in kuwa ta same shi hannu a naɗe za a yi magana. Sai ya ɗauko wani zanenta daga kan igiyar shanya, ya yayyage, ya cusa tsumman cikin gwangwanayen. Da ya hango ta tafe, ya kama jan igiya da ƙarfi har yana nishi.

Ta ce, "Maigida, ina ganin igiya tana motsi, amma ban ji ƙara ba."

"Iska ce ke kwashe ta zuwa gabas. Ke tuwo kika kawo ko gwajin kunne? Ina nan rana tana dukana saboda ku, ko sannu babu."

"Sannu," in ji ta. Ta dubi gonar. "Ga su can kuwa a kan alkama."

"Waɗannan? Duka cikin nasu nawa yake? Bar su su ɗanɗana."

Jan baki suka ga igiya tana rawa, ba abin da ke biyo baya. Suka saba, har suna sauka a kanta su huta. Kullum sai ƙaruwa suke yi. Shi kuwa ya juya wa gona baya, ya zuba wa tafki ido.

Ran nan da safe gauraka ta sauka. Ga ta tsaye cikin ruwa, doguwa, da tukku a ka kamar zinariya, tana takawa a hankali. Mutumin ya diro daga rumfa ya sheƙa gari. Ya tattaro maza da mata, yana gaba yana cewa, "Yau za a san wanda ke ƙarya."

Kafin su iso ta tashi.

Maƙwabcin ya ce, "Ranka ya daɗe, ina baƙuwar?"

"Yanzun nan tana nan, ga ma inda ta tsaya."

Amma ba mai kallon tafki. Duk gonar suke kallo, ta yi baƙi ƙirin da tsuntsaye. Maƙwabcin ya kama igiya ya girgiza. Shiru. Matar ta miƙa hannu cikin gwangwani ɗaya, ta zaro tsumma, ta buɗe shi.

Ta ce, "Zanena ne wannan. Ka ce mini akuya ta ci."

Mutane suka yi ta tafi da ihu har jan baki suka tashi kamar hayaƙi. Matar ta tsinko kan alkama ɗaya, ta murza a tafin hannu, ta hura. Ba abin da ya rage.

Ta ce, "Maigida, da me za mu kai damina?"

Sarkin Tsuntsaye ya juya ya dubi tafkin da gauraka ta bari.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Gonar ita ce ranka da gidanka, waɗanda Ubangiji ya ba ka tsaro. Jan baki su ne ƙananan zunubai: 'yar gulma a bakin ƙofa bayan sujada, 'yar ƙarya ga mata ko miji, fushin da aka kwana da shi. Ba wanda ya kai a ji tsoronsa shi kaɗai, amma ba ya zuwa shi kaɗai. Igiya da gwangwanaye su ne addu'a da Maganar Allah, masu tsawata wa zuciya. Gauraka kuwa yabon mutane ce, takan sauka, ba ta daɗewa.

Kallon tsuntsaye ba laifi ba ne, Allah ne ya yi su da kyansu. Ku lura kuma, mutumin nan bai daina jan igiya ba. Haka wani yake zuwa majami'a kowace Lahadi, bakinsa yana motsi a waƙa, kowa yana gani, amma ya toshe duk kalmar da za ta tsawata masa, don kada ta kore abin da yake jira. Na san wani zai fita ya ce da shi ake. Ba a kira sunan kowa ba, ba a ma faɗi launin zanen ba.

Kowa ya koma gida yau ya girgiza igiyarsa, ya kasa kunne. In bai ji ƙara ba, kada ya ce iska ce.