"Da Sauƙi" Ta Kusa Kashe Jatau

Ku matso, ga wata ku raba mini gardama.

A Malumfashi an yi wani tsohon tela, Jatau. Ciwo ya toshe masa maƙogwaro, likitoci suka zura masa ɗan bututu na ragar ƙarfe don abinci ya samu hanya. Tun daga nan ya daina cin tuwo a majalisa, kunya yake ji a ga yana tsotsar kunu kamar jinjiri. Matarsa ta rasu, 'yarsa Hansatu tana aure a Fatakwal. Daga shi sai keken ɗinki, wallahi abin tausayi.

Ana nan sai bututun ya zame, hanya ta sake rufewa. Ko yawu ba ya wucewa. Amma kun san mu: duk wanda ya leƙo ya ce "Ya jiki?" sai Jatau ya ce "Da sauƙi." Kwana uku fa!

Lantana maƙwabciyarsa ce ke aiko masa da kunu, kwano kuma yana dawowa a wanke tas. Ita ta lura rariyar gidansa ta yi fari fat, ƙudaje sun yanyame ta. Ashe zubarwa yake! Ta saka mayafi ta tafi neman Barau.

Barau taubashinsa ne, shi kaɗai ke iya ƙaryata shi ido da ido. Ya miƙa masa moɗa ya ce, "Sha in gani, tsohon banza." Ruwan ya dawo ta hanci. Barau bai tsaya jin komai ba, ya ciccibe shi sai asibiti.

Likita ya ce sai ya san irin bututun kafin ya taɓa shi. Takardar kuwa tuni Jatau ya yanka ta ya auna wuyan riga. Hansatu, da sai wata-wata take kira, ita ce ta taɓa ɗaukar hoton takardar a waya. Ta turo, aka ciro bututun, aka sa wani.

Ranar sallama aka ba shi fom. Layi ɗaya ne tak: sunan wanda za a kira idan abin ya dawo. Jatau ya riƙe biro yana tunanin sunan da zai rubuta, don shi ya san gobe ma "da sauƙi" zai ce.

To, ku ce mini: Lantana, Barau ko Hansatu, sunan wa ya kamata ya rubuta?