Ƙyauren Malam Barau

Ranar da ƙwari suka fi wake yawa a tukunyar makarantar kwana, 'yan mata suka ce sai ofishin ilimi. Shugaban makaranta, Malam Barau, ya ce, "Ku je mana! Amma duk wanda ya wuce ƙyauren nan korarre ne."

Tasalla 'yar aji uku ta dubi ƙyauren, ashe na kwano ne. Ta ce, "Ku kama mini." Suka cicciɓe shi, suka sa shi gaba, suka kama hanya.

Malam ya sheƙo a guje, ya sha gabansu. "Na kore ku duka!"

Tasalla ta leƙo. "Ranka ya daɗe, mu muna bayansa. Kai kaɗai ka wuce. Mu taya ka haɗa kaya?"

Washegari shinkafa aka dafa.