Wurin Kamun Baba

Akwai wani masunci a tsibiran Lofoten, can ƙasashen sanyi, mai suna Torleif, mutum mai shegen riƙon sirri. Kafin mahaifinsa ya rasu ya nuna masa wani wuri a teku inda kifin kod ke taruwa duk hunturu. Ka tuƙa jirgi har hasumiyar coci ta daidaita da tsagar dutse, sai ka saki ƙugiya.

Ƙanensa Steinar ya roƙe shi ya kai shi wurin ko sau ɗaya.

"Teku ta yi maka kaɗan ne?" in ji Torleif. "Je ka nemi naka."

Steinar bai ƙara tambaya ba. Sauran masunta kan gaya wa juna ta rediyon oba-oba inda kifi ya nufa, shi kuwa gogan naka Torleif kashe nasa yake yi.

Ana nan sai yanayi ya sauya. Iskar arewa mai sanyi ta yi ƙaranci, ta kudu ta yi ta kaɗawa, ruwa ya ɗumama. Kod ba ya shiri da ɗumi, sai ya tsaya can arewa, jirage suka bi shi. Torleif ya kafe a wurin Baba, kullum ya jawo ƙugiya ba komai.

Ga lokacin shanyar kifi ya kusa wucewa, don da zarar zafi ya shigo ƙuda ne za su ɓata kifin da aka rataya. Katakon shanyar kowa ya cika, nasa wayam. Kaɗaici ya ishe shi, ba shi da ko wanda zai yi wa ƙorafi.

Wata safiya ya daure ya kunna rediyo.

"Steinar, kana ji na?"

Sai ga muryar Steinar.

"Yaya? Ashe rediyon naka na da rai."

"Gaya mini inda kifi yake, ni kuma in nuna maka wurin Baba."

"Kifi na arewa da fitilar bakin tsibiri, taho kawai, ba ciniki. Wurin kuma riƙe abinka. Ni fa ba kifi nake nema ba a lokacin, Yaya. So na yi in zauna inda Baba ya zauna, tare da kai."

Torleif ya juya jirgi arewa. Katakonsa ya cika a shekarar. Daga baya ya sha gayyatar Steinar zuwa wurin Baba, amma har yau shi kaɗai yake zuwa.

Darasi: Abin da kake wa ɗan'uwanka rowarsa, iska na iya kwashe shi gobe, ta bar ka da kewa. Ka ba shi tun yana so. Ku tura wa 'yan'uwanku su ma su karanta.