Fuska a Bayan Hayaƙin Kisra

Akwai wani saurayi a kasuwar Hasahisa, Saifuddeen, da ke riƙe da ɗan shago shi da abokinsa Hashim. Sana'arsu juya bidiyo: a kawo tsohon kaset, su mayar da shi yadda waya za ta kunna.

Saifuddeen mai fara'a ne, amma tun rasuwar mahaifiyarsa Raliya bara abu ɗaya ke cinsa. Ba ta bar hoto ba. Duk rayuwarta, da ta hangi kyamara sai ta ja bakin tob, mayafinta, ta rufe fuska. In ya runtse ido yana nemanta, muryar ce ke zuwa. Fuskar kuwa ta fara nisa, kamar mutum a wancan ƙetaren kogi.

Kowannensu da kwamfutarsa, kowace da katin hoto a ciki, wanda ke taya ta aikin bidiyo don ya yi sauri. Na Hashim a jan kwali ya zo, na Saifuddeen a kore. Kullum gardama, kai ka ce ƙungiyoyin ƙwallon Hilal da Marikh ne.

"Ya zol, mutumina, naka jakin kai ruwa ne," in ji Hashim. "Kafin ya tashi, nawa ya kai birnin Madani ya dawo."

"Naka gudu ya iya, launi kuwa sai ka ce an wanke da omo."

Wata hantsi sai ga Hajja Sakina, maƙwabciyarsu Saifuddeen ta dā a ƙauyensu kusa da Makwar. Ta kwance wani ƙulli, ta fito da kaset mai furfurar danshi.

"Ɗana, bikin Samira ɗiyata ne, tun kana goye. Sa mini shi ga telefon."

Suka sa kaset a na'ura, suka kwashe bikin cikin kwamfuta yadda yake. Yana kai ƙarshe zaren ya naɗe, ya tsinke. Ba abin da ya rage na bikin sai wannan ƙaton kwafi, wanda ya cinye wuri, ga shi waya ba ta iya ɗaukarsa.

Hashim ya tafa hannu. "Halas! Yau za a raba gardama. Kowa ya juya da katinsa."

Jan ya gama kafin shayin Hajja ya huce. Koren ya biyo baya kaɗan. Aka jera su. Na Hashim ya fi sauƙin nauyi, na Saifuddeen ya fi launi, amma duka sun yi kyau: ga ango cikin farar jallabiya, ga amarya, ga masu guɗa.

Hajja ta matso da ido. Ba amarya take kallo ba.

"Can baya nika son gani. Ƙarƙashin rakuba, rumfar can, inda mata ka toya kisra."

Suka duba. A jan kati, inuwar rumfar ta zama baƙaƙen dabbare-dabbare masu rawa. A kore, ta zama laka mai santsi. Don su yi sauri, katunan biyu sun kula da inda haske yake, sun mayar da inuwa da hayaƙi ba komai ba.

"Malesh, yi haƙuri ya Hajja, kaset ɗin ne ya tsufa," in ji Hashim. Ya juya ga abokinsa ya rage murya. "Ba ta koren, mu goge babban. Ga samari can suna jiran a sa musu bidiyon ƙwallo, kuma wutar kahraba ta kusa tafiya."

Saifuddeen ya san akwai hanya ta uku: a ajiye katunan gefe, a bar ƙwaƙwalwar kwamfutar ta yi aikin da kanta, tana duba hoto ɗaya bayan ɗaya. Sai dai wannan wuni ne guda. Ya dubi samarin, ya dubi hannun tsohuwar da ke ninke tsumman ƙullinta tana warwarewa.

"Inna, kin iya jira?"

"Mi nika yi da sauri? Na jira ruwa ya iso hawasha, gonarmu, balle wannan."

Ya sa aikin. Samarin suka gaji suka tafi wani shago. Hashim ya riƙa leƙowa yana cewa, "Mabruk, kunkuru ya ɗaga ƙafa ɗaya." Bayan azahar, aiki ya haura rabi, wuta ta ɗauke. Komai ya rushe.

Hashim ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga fuskar Hajja. Ya fita. Jim kaɗan ya dawo yana jan waya daga janaretan mai sayar da asir, ruwan 'ya'yan itace.

"Ba don kai ba," ya ce. "Don in ga ƙarshen taurin kanka."

Aka sake daga farko. Hajja ta yi la'asar a bayan shago, ta raba musu dabino.

Sai bayan isha'i aka gama. Saifuddeen ya kunna, ya kai wurin rumfar. Inuwar ta buɗe. Ga mata a durƙushe, ga hayaƙi yana tashi a hankali. Iska ta kaɗa shi gefe, wata mace ta ɗago daga kan kasko, ta share goshi da bayan hannu, ta yi dariya. Ba ta san akwai kyamara ba. Wushiryarta ta fito sarai.

Saifuddeen ya matso da fuskarsa kusa da allon. Mahaifiyarsa ce, Raliya.

"Ban hwaɗa maka ba," in ji Hajja a hankali, "don ina tsoron in sa maka rai, kaset ya kunyata ni. Ni dai na san tana wurin."

Matar ta juya ɗaukar ƙullu, sai ga jariri a bayanta, yana barci baki buɗe.

Hashim ya goge ido da hannun riga, ya nuna allon. "Wallahi kai ne. Kunnuwan nan ko jan kati bai iya goge su ba."

Saifuddeen ya yi dariya, hawaye na zuba. Ya mayar da wurin baya, ya sake kunnawa. Hayaƙin ya sake kaucewa, ta sake ɗagowa.

Darasi: Sauri yana da ranarsa, amma abin da yake fara zubarwa shi ne wanda ke cikin inuwa. Ka yi haƙuri da buƙatar tsoho ko da ba ka gane ta ba, wataƙila rabonka ne ya ƙullo a tsumma. Ku tura wa 'yan'uwa, ku yi wa iyayenmu da suka rigaye mu addu'a.