Telan da Gudunsa Ya Watsa Gari

A wani ƙauye da ke gindin duwatsu akwai wani mutum, tela ne, sunansa Irmiya. Daga fitowar rana har faɗuwarta yana kan kujera yana taka keken ɗinki. Jiki ya yi nauyi, wuya ya yi kauri, kai kuwa kullum yana sara masa kamar ana faskare.

Da matarsa Rifkatu ta matsa masa lamba, sai ya je asibiti. Likita ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya duba, ya sāke dubawa, sa'an nan ya ce, "Jininka ya hau ƙwarai. Ga magani, amma magani kaɗai ba zai riƙe ka ba. Ka riƙa motsa jiki kowace safiya. In ka ci gaba da zaman nan, wata rana za ka tashi, rabin jikinka ya ƙi tashi."

Irmiya kuwa ya san ciwon nan ido da ido. Shi ya yi jiyyar mahaifinsa, baki a karkace, yawu yana zuba, tsoho yana so ya kira sunan 'ya'yansa harshe ya ƙi. Da ya komo gida ya ce wa matarsa, "Kada kowa ya ji maganar nan. Wa zai kawo ɗinkin Kirsimeti wurin wanda ake jiran faɗuwarsa?"

Ya gwada fita da safe, amma abin bai ɗore ba. Yau sanyi, gobe ɗinki ya yi yawa, jibi ƙafa tana ciwo. Kun dai san halinmu, ba sai na faɗa ba.

Ana nan, ran nan ya je birni sayen zare, ruwa ya tare shi, ya fake a wani gidan kallo. Ya iske ana nuna gudun fanfalaki na gwanayen duniya, amma ya makara, ƙarshen kaɗai ya tarar. Ga wani siririn mutum kamar sillen kara ya bar kowa a baya, yana zura ƙafa, iska ma sai ta yi da gaske. Ya keta zaren da aka gitta, jama'a suka ɗauki sowa, aka yafa masa tuta. Irmiya ya ce a ransa, "Ashe haka ake gudu! Wane ciwo ne zai cim ma wannan?"

Kashegari da sassafe ya zaga ta bayan gari don kada a gan shi, ya hau hanyar dutse a hankali. Da ya kai sama ya juyo, ya tuna da gwanin nan, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

To, ga abin da bai yi tunani ba. A ƙauyen nan magidanci ba ya gudu sai an koro shi. Bara kuma mahara sun faɗa wa ƙauyen da ke bayan dutsen, waɗanda suka tsira ta wannan hanya suka gangaro, jina-jina. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Mata suna kan hanyar rafi da tuluna, sai ga Irmiya ya ɓullo, ido a waje, baki a buɗe. Suka ce, "Baban Lidiya, lafiya? Lafiya?" Ina! Numfashin da zai amsa babu shi, ƙirjinsa yana dukan uku-uku. Ya ɗaga hannu kawai ya wuce su.

Sai wata ta ƙwala ihu, "Wayyo! Sun zo!"

Tuluna suka tarwatse. Aka kaɗa ƙararrawar majami'a. Uwaye suka suri jarirai ba goyo, maza suka bar shanu a turke, gari ya watse cikin dawa. Shi kuwa Irmiya da ya ji ihu a bayansa, sai ya zaci da gaske an biyo shi, ya ƙara mai. A ƙofar gidansa ya zube, ya dafe ƙirji, duhu ya rufe masa ido, ya sakankance ranar da likita ya faɗa ce ta zo.

Bai mutu ba. Rana ta yi sama, ba a ga mahari ko ɗaya ba, mutane suka fito daga dawa ɗaya-ɗaya, yara suna kuka. Amma an tsinci wata tsohuwa, Kaka Tabita, a cikin kwazazzabo, ƙugunta ya karye.

Da aka tambayi Irmiya abin da ya koro shi, sai ya shige gida, bai faɗi gaskiya ba. Daga ranar ya kulle kansa a shago. In ya tuna gudu, sai ya ji ihun nan da zafin ƙirjin nan. In ya zauna, sai ya ga fuskar mahaifinsa. Gaba kura, baya siyaki. Wata safiya almakashi ya suɓuce daga hannunsa, yatsunsa suka sandare na ɗan lokaci. Ya zauna yana kallon hannun, ya yi kuka kamar yaro.

Rifkatu ta ce, "Maigida, ɓoyon nan ya karya tsohuwa, yanzu kai yake nema. Tashi ka je ka gaishe ta, ka faɗa mata gaskiya."

Ya tafi, ya iske ta kwance a tabarma a ƙofar ɗakinta, ya durƙusa ya zayyana mata kome, da ciwon, da likita, da gwanin da ya gani, ya roƙi gafara.

Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ba gudunka ne ya kā da ni ba. An gaishe ka, ba ka amsa ba. Mai gudun tsoro ne kaɗai ba ya gaisuwa. Na yafe maka. Amma ni ma na wanke ubanka da hannuna, ba na so in ga Rifkatu tana share maka yawu. In za ka fita gudu, ka bi ta nan. In ka iso ƙofata ba ka da numfashin gaishe ni, to, ka yi sauri da yawa."

Ran Lahadi, lokacin sanarwa, Irmiya ya miƙe a gaban jama'a, ya faɗi ciwonsa da bakinsa. Ya ce, "In kun gan ni ina gudu da safe, ku gaishe ni. In na amsa, lafiya ce."

Kashegari ya fita ta tsakiyar gari, yana sassarfa, tsoro fal cikinsa, yana sauraren ƙirjinsa. Da ya kawo ƙofar tsohuwa ya ce, "Ina kwana, Kaka? Yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi. Wuce." Ya gai da masu zuwa rafi, ya gai da masu zuwa gona, wasu suna dariya, ƙirjin kuwa bai yi masa zafi ba.

Bayan kwanaki ya sāke zuwa gidan kallon nan, ya kalli tsere tun daga farko. Abin mamaki, gwanin da zai ci ya yi mafi yawan tafiyar a tsakiyar 'yan'uwansa ne, ba gaggawa. Har ya karɓi gorar ruwa ya kurɓa, ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce masa wani abu. Wannan ne Irmiya ya riƙe, shi yake tunawa duk safiyar da tabarma ta yi masa daɗi. Yana nan da ransa, yana gudu. Kaka Tabita kuwa ba ta ƙara zuwa rafi da ƙafarta ba.

To, 'yan'uwa, ma'anar misalin nan ke nan. Ciwon tela shi ne mutuwar da take bin mai zaman banza cikin bangaskiya, ba ta sallama. Gwanin nan shi ne manyan bayin Allah da muke jin shaidarsu, zuciyarmu ta ƙuna. Ba laifi ba ne, Allah ne ya ba mu su don su tashe mu. Amma ƙarshensu muke ji, ba mu ga shekarun da suka yi suna addu'a a gajiye, suna miƙa wa na kusa ruwa ba. Sai mu dawo daga babban taro da zafi, mu ɗauki abin da ya fi ƙarfinmu a ɓoye, mu wuce mata da 'ya'ya da maƙwabta ba ko sannu, mu zube, mu daina gaba ɗaya. Dainawar nan kuwa ita ce abin tsoro.

Ku da likita ya ce ku motsa jiki, maganar nan taku ce kai tsaye. Mu duka kuma, mu faɗi rauninmu a gaban 'yan'uwa, mu fita kullum, da saurin da zai bar mana numfashin gaisuwa. Ubangiji mai gafara ne, tsohuwa ma ta yafe, amma ƙashin bai koma yadda yake ba. Kafin ka ƙara sauri gobe, ɗan'uwa, waiwaya ka ga wanda ya gaishe ka ba ka amsa ba.