Rabin Shagon Sallau

Ku gyara zama, shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

Sallau mai gidan gem, wato shagon wasan kwamfuta, ya dawo daga Kano da ƙunshi a hammata, ya tsaya bakin shagonsa yana cika baki. Wai ya sayo katin hoto, ƙarfen nan da ake sa wa kwamfuta don wasa ya fito tar, kuma wai har gumin ɗan ƙwallo sai an gani. "Na hannu ne, amma wata Baturiya ce ta riƙe shi, ita ma lallaɓa shi take," in ji shi. Nan take ya sa ranar gasar ƙwallo ta unguwa. Ku sani fa, Keke Napep ɗinsa ya sayar ya haɗa shagon nan, ba shi da komai bayansa.

Aka kunna. 'Yan wasa suka fito suna tafiya kamar masu ciwon baya, fuskar gola ta koma koriya, ƙwallo ta tsaya a sama ta ƙi saukowa. Sai allo ya yi baƙi ƙirin. Aka sake kunnawa, haka dai. Ashe ba Baturiyar da ta taɓa ganin katin, a hannun masu haƙar kuɗin intanet ya yi bauta ba hutu har ya tsufa. Wanda ya sayar kuwa wayarsa ta daina shiga. Samari suka koma shagon tsallaken titi. Sallau ya zauna shi da kujeru, ko tuwo ba ya wuce masa.

Ya fara zuwa wajen Inuwa, ƙanin matarsa, mai gyaran waya. Ya ja shi gefe ya ce in ya gyara, rabin shago nasa ne, amma kada kowa ya ji. Inuwa ya kwance katin, ya tarar man sanyin ciki ya bushe ya zama gari, fanka ɗaya kuma ta mutu. Ya goge, ya shafa sabo, ya ciro fankar nasa injin ya ɗaura wa katin. Zafin ya sauka. Ba don shi ba da katin ya ƙone ƙurmus. Amma gola yana nan kore shar.

Sai ya tafi wajen ƙanwarsa Kande, mai buga takardu a bakin kasuwa. Ita ma ya raɗa mata rabin shago. Ta duba ta ce, "Yaya, direban wani katin ka sa masa," wato manhajar da ke gaya wa kati abin da zai yi. Ta share tsohon tas, ta rufe sana'arta yini guda tana neman wanda ya dace da shi. Launi ya dawo, 'yan wasa suka kama gudu. Ba don ita ba da ba wanda zai iya kallon allon. Amma da wasa ya yi zafi sai kwamfutar ta ɗauke ɗif.

Sallau ya je wa abokinsa Mati mai wayarin ɗin lantarki kamar zai yi kuka. Bakinsa ya riga ya saba, ya sake cewa rabin shago. Mati ya kasa kunne ya ji yadda injin ke nishi, ya ce akwatin wutar kwamfutar ne bai kai ba, katin yunwa yake ji. Ya je gida ya ciro na kwamfutarsa, ya bar tasa a mace, ya haɗa. Ba don shi ba da ba a taɓa kaiwa hutun rabin lokaci ba.

Ranar gasa shago ya cika har waje. Sallau ya hau benci, ya ɗaga hannuwa: "Waɗannan ne suka gyara shi, ba wanda ya taya ni!"

"Mijin Yaya, sauko kada ka faɗo," in ji Inuwa. "Ina kujerar mai rabin shago?"

"Wane rabin?" in ji Kande. "Wanda aka ce nawa ne?"

Mati ma ya ɗaga yatsa.

Wani ya ƙirga da ƙarfi, rabi uku a shago ɗaya. Dariya ta ɓarke. Sallau ya tsaya a kan bencin nan, sauka ta gagara, tsayuwa ta gagara, gumin da ya ce za a gani ga ɗan ƙwallo sai ga shi a goshinsa, kowa shi yake kallo.

Dattawan layin suka ce rabi dole ya zauna wa Sallau saboda iyalinsa, ɗaya rabin kuma mutum ɗaya za a ba, tunda haka ya faɗa wa kowannensu. Inuwa ya zaro sukundireba, ya ce in ba shi ba ne zai cire fankarsa. Kande ta ce danni biyu ya ishe ta mayar da gola kore. Mati ya ɗora hannu a kan akwatin wutarsa. Duk wanda aka hana, katin ya mutu, shagon ya bi shi.

To jama'a, ga Inuwa, ga Kande, ga Mati. Wa za ku miƙa wa rabin nan, kuma da wane baki za ku sallami sauran biyun?