Ayar Na Allah Da Aka Nema Aka Rasa

Akwai wani mutum a wani ƙauye kusa da Urafane, ana ce da shi Na Allah. Sunan dai ya fi mai shi kyau. Rumbunansa cike, rawaninsa kamar faifai, karatu kuwa bai wuce ƴan surorin da yake salla da su ba.

Ƙanensa Jibo ya rasu ya bar mata, Furera, da ɗiya ƙanana. Gandu ɗaya suke nomawa, don haka hatsin Jibo yana cikin rumbun Na Allah. Abin da ya rage a hannun Furera ƴar gonar da mijin ya sare da kansa. A garin kuwa, gonar da damana ta wuce ba a shuka ba, babban gida ke karɓe ta.

Shekarar nan azumi ya faɗo cikin bazara. Furera ta je ta durƙusa.

"Yaya, hadari ya fara haɗuwa gabas. A ɗan buɗe rumbu a ba ni iri, in shuka wa marayu gonar ubansu."

Na Allah ya gyara rawani, ya yi gyaran murya irin ta malamai.

"Ke Furera, ba ki ji abin da Allah ya ce ba? Tashi in taimake ka. Aya ce sukutum. In na ba ki, na saɓa wa Littafi."

Masu zaman gindin gawonsa, waɗanda kunun buɗa baki ya tara, suka ce, "Sadaƙallahu!" Ku ji fa. Mutum ya ci kunu ya sayar da kunnensa.

Furera ba ta yi musu ba. Wa zai yi jayayya da Allah? Ta tashi ta koma gida.

Kowace shekara Na Allah kan gayyato Liman Umaru ya yi tafsiri a ƙofar gidansa, don a ce shi ne mai ɗaukar nauyi. Liman kan fara daga farkon Alƙur'ani ya kai ƙarshe kafin ganin wata. Furera ta ce a ranta, in aya ce, ai dole ta biyo ta nan.

Kullum da la'asar sai ta ɗauko ƙwaryar auduga ta zauna bayan darni, tana kaɗi tana saurare. Mata suna mata dariya.

"Furera, malanta za ki yi da tsufa?"

"A'a, baƙuwa nake jira."

Ta ji inda aka ce mai cin dukiyar maraya wuta yake zuba wa cikinsa. Ta leƙa ta kafar darni, Na Allah na gyangyaɗi. Kwanaki suka tafi, hadari na ƙara duhu, maƙwabta sun fara binne iri, baƙuwa ba ta zo ba.

Ranar rufewa gari ya taru. Liman ya shigo ƙananan surori, ya fassara inda aka hana danne maraya da yi wa mai roƙo tsawa. Surar da Na Allah ke salla da ita ke nan kullum, bai taɓa sanin da shi take ba. Aka shafa fatiha.

Sai murya ta fito daga bayan darni.

"Allah gafarta Malam, an gama ke nan?"

"An gama, ƴata."

"Ba a tsallake ko shafi ba?"

"Subhanallahi! Wa zai tsallake?"

"To ina ayar da Yaya ya karanta mini, ya hana marayu iri da ita? Wai Allah ya ce tashi in taimake ka."

Na Allah ya yi wuf. "Wataƙila ranar ba ki zo ba."

"Na zo, Yaya. Kai ne dai barci kan ɗauka."

Sai dariya ta kuɓuce wa wani tsoho.

Liman ya rufe Littafi. Ya ce, "Maganar mutane ce, ta zaburar da malalaci. Tana da kyau a wurinta. Amma ba aya ba ce, kuma ɗora wa Allah abin da bai faɗa ba, ba ƙaramin abu ba ne. Na Allah, wadda ke ciki ka ji ta yanzu da kunnenka. A buɗe rumbu."

A gaban jama'a aka ɗaga hular rumbu aka fitar da damman Jibo. Ruwa ya sauka bayan salla, Furera ta shuka gonarta.

Da ciyawa ta taso, Na Allah ya aika kiran gayya kamar yadda ya saba. Aka dama fura, makaɗi ya zo da gangarsa. Hantsi ya yi, ba kowa. Ya bi sawu, sai ya tarar da samarin gari jere da hauyoyi a gonar Furera.

"Kai Mai Nasara! Gonata fa?"

Mai Nasara, sarkin samarin, bai ko ɗago ba. "Baba, Liman ya ce ba aya ba ce, amma ya ce tana da kyau a wurinta. Tashi!"

Shekarar nan ciyawa ta ci rabin gandunsa. Furar kuwa a ƙwarya ta yi tsami.

Darasi: Ni mai ba ku labarin nan, tun da mijina ya rasu ban taɓa sayen goro ban sa an kwance huhu na gani ba, balle maganar da aka ce ta Allah ce. Duk wanda ya ce maka "Allah ya ce" don ya hana ka haƙƙinka, ka ce a buɗe Littafi a nuna maka. Ku kai labarin nan bakin rijiya da kasuwa, don Na Allah ba a ƙauye ɗaya yake ba.